Zato Zunubi: Tambayoyin Istinbaɗi a Jarrabawar Shiga Makarantun Kasuwanci

Gabatarwa

Akwai wani nau'in tambaya da ke kayar da ɗalibai masu kaifin basira a jarrabawar nan ta GMAT, wadda makarantun koyon gudanar da kasuwanci na Amurka da Turai da wasu sassan duniya suke nema daga mai son shiga karatun digiri na biyu. Tambayar ba ta da lissafi mai wuya, ba ta kuma neman a san tarihin wata ƙasa ko dokokin wani banki. Za a ba ɗalibi 'yan jimloli uku ko huɗu, a ce ya ɗauka duk gaskiya ne, sa'an nan a jera masa amsoshi biyar, a ce ya zaɓi wadda tilas ta zama gaskiya muddin jimlolin nan gaskiya ne. Ɗalibi ya karanta, ya ga abin kamar wasan yara, ya zaɓi amsar da ta fi kwanta masa a rai, ya wuce. Ashe ya faɗi.

Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, ba ƙarancin Turanci kaɗai ke kayar da irin wannan ɗalibi ba, balle ƙarancin hankali. Abin da ke kayar da shi wata ɗabi'a ce ta harshe wadda a zaman yau da kullum abin yabo ce, watau saurin gane nufin mai magana tun kafin ya rufe baki. Yaron da mahaifinsa ya ce, “Rana ta yi,” ya zabura ya ɗauko buta, shi ake kira mai hankali. Amma a ɗakin wannan jarrabawa, wanda ya ji an ce rana ta yi, abin da kawai aka yarda ya ce ya sani shi ne rana ta yi. Tun da yake matsalar ta harshe ce, to, masu nazarin harshe sun fi kowa haƙƙin tsoma baki a cikinta, kuma bai kamata su bar wa masu sayar da littattafan shirin jarrabawa ita ba.

Asalin Jarrabawar da Tsarinta

A shekarar 1953 ne wakilan makarantun kasuwanci guda tara na Amurka, cikinsu har da na jami'o'in Harvard da Kolombiya da Shikago, suka yi shawarar samar da ma'auni guda da za a riƙa auna masu neman shiga da shi, domin ɗaliban suna fitowa ne daga fannoni daban-daban, wannan ya karanta injiniya, wancan ya karanta adabi. An fara zana jarrabawar a 1954, ta kuma sami sunanta na yanzu a 1976. A 1997 aka mayar da ita kan kwamfuta, da wani tsari wanda in ɗalibi ya amsa daidai sai a ƙara masa wuya, in ya kuskure a sassauta. A watan Nuwamba na 2023 hukumar da ke kula da ita, watau GMAC, ta fito da sabon fasali, aka kuma daina zana tsohon a farkon 2024.

A sabon fasalin akwai sassa uku, kowanne minti 45. Sashen lissafi yana da tambayoyi 21, sashen nazarin alƙaluma da jadawali yana da 20, sashen fahimtar magana kuma yana da 23. An cire rubutun insha'i, an kuma cire tambayoyin gyaran nahawu da suka daɗe suna cikin sashen magana. Abin da ya saura a wannan sashe shi ne fahimtar dogon rubutu da kuma auna hujja. Wannan canji yana da muhimmanci ga batun da ake kai. Da can ɗalibi yana iya haddace ƙa'idojin nahawun Turanci ya cike giɓin da raunin tunani ya bar masa. Yanzu kuwa an toshe wannan ƙofa, kuma tambaya 23 a minti 45 na nufin kowace tambaya ba ta samun cikakken minti biyu.

Siffar Tambayar Istinbaɗi

Kalmar istinbaɗi, wadda aka aro daga Larabci, tana nufin tsamo hukunci daga cikin wata magana. A nan an yi amfani da ita da ma'ana mai ƙunci, watau tsamo abin da maganar ta lizimta, wanda babu hanyar kauce masa.

Tambayoyin auna hujja iri-iri ne. Akwai wadda za a ba ɗalibi hujjar wani, a ce ya nemo abin da zai ƙarfafa ta. Akwai wadda za a ce ya nemo abin da zai raunana ta, akwai kuma wadda za a ce ya gano abin da mai hujjar ya ɗauka a zuci bai furta ba. A duk waɗannan, maganar da ke sama ita ce abar tuhuma, amsoshin da ke ƙasa kuma sababbin bayanai ne da aka kawo daga waje. Tambayar istinbaɗi takan juya wannan tsari. Maganar da ke sama kamar shaida ce da alƙali ya riga ya karɓa, ba a sake bincikenta. Amsoshin nan biyar su ne a gaban shari'a, kuma duk wadda ta shigo da abin da shaidu ba su faɗa ba, ta faɗi. Ɗalibin da bai lura da wannan juyi ba yakan shiga neman amsa mai sabon bayani mai burgewa, alhali sabon bayani shi ne alamar kuskure a nan.

Wani lokaci a kan sassauta lafazin tambayar, a ce wace amsa ce maganar ta fi goyon baya. Ko a nan ɗin ma amsar da ake nema ba ta yin nisa da abin da aka faɗa, kuma ma'aunin da za a bayyana a gaba shi ne ya fi dacewa a fara da shi.

Misali

Ga wani misali da aka ƙaga domin wannan bayani, a kan fasalin irin tambayoyin:

“Wani kamfanin sabulu yana da rassa a garuruwa shida. A bara, duk reshen da ya rage farashi ya sami ƙarin ciniki. Reshen da ke garin da ya fi girma bai sami ƙarin ciniki ba. Wasu daga cikin rassan da suka sami ƙarin ciniki ba su ci riba ba.”

In wannan bayani gaskiya ne, wanne ne tilas ya zama gaskiya?

A. Rage farashi ne ya jawo ƙarin ciniki a rassan.
B. Reshen garin da ya fi girma bai rage farashi ba.
C. Duk reshen da ya sami ƙarin ciniki ya rage farashi.
D. Wasu rassan da suka sami ƙarin ciniki sun ci riba.
E. Da reshen babban garin ya rage farashi da ya ci riba.

Amsar A ita ce ta fi daɗin ji, domin kowa ya san araha kan jawo masu saye. To amma bayanin bai ce rage farashi ne sanadi ba, ya dai ce abubuwan biyu sun faru tare. Mai yiwuwa ne rassan da suka rage farashi su ne kuma suka yi talla a rediyo, ko kuma wani kamfani da ke gasa da su ya rufe a garuruwan. Amsar C ta juya magana ta mayar da gaba baya. An ce duk wanda ya rage farashi ya sami ciniki, ba a ce duk wanda ya sami ciniki ya rage farashi ba, kamar yadda cewa duk Bakano ɗan Nijeriya ne ba ya nufin duk ɗan Nijeriya Bakano ne. Amsar E labari ne na abin da bai faru ba, ta kuma haɗa shi da riba, wadda bayanin bai yi wa kowa alkawarinta ba. Amsar D za a dawo gare ta, domin ita ce tarkon da ya fi shafar mai nazarin harshe.

Amsar da ta tsira ita ce B, kuma hanyar gane haka ita ce a gwada ƙaryata ta. A ɗauka reshen babban garin ya rage farashi. In haka ne, bisa jimla ta biyu tilas ya sami ƙarin ciniki. Jimla ta uku kuwa ta ce bai samu ba. Ke nan ƙaryata B yana rushe bayanin da aka ce a ɗauka gaskiya ne. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kowace amsa a kai: shin ana iya kawo wani hali a zuci wanda duk jimlolin sama gaskiya ne amma amsar ƙarya ce? In ana iya kawo ko da hali guda, amsar ta faɗi, kome kyawunta. Mai karatu zai lura cewa amsar da ta ci ita ce mafi ƙarancin armashi a cikin biyar ɗin. Sau da yawa haka abin yake.

Ƙananan Kalmomi Masu Nauyi

Nauyin irin waɗannan tambayoyi yana rataye ne a wuyan wasu 'yan kalmomi da ido kan tsallake, irin su “some” da “most” da “only if” da “unless” a Turanci. Hausa tana da takwarorinsu, kuma ya fi sauƙi a fahimci aikinsu a harshen da mutum ya tashi da shi kafin ya tunkare su a baƙon harshe.

Ta farko ita ce “wasu”. In Bahaushe ya ce wasu baƙi sun tafi, mai sauraro zai fahimci wasu suna nan, har ya aika musu da abinci. Amma a ilmin manɗiƙi, “wasu” na nufin aƙalla guda ɗaya, kuma ba ta hana a ce duka ne. Wanda ya ga baƙi uku sun fita, bai leƙa ɗakin ba, ya ce wasu sun tafi, bai yi ƙarya ba ko da ɗakin ya zama wayam. Wannan shi ne abin da ya kayar da amsar D. An ce wasu rassa ba su ci riba ba, kunne ya ƙara da cewa wasu sun ci. Bayanin bai faɗi haka ba, kuma yana yiwuwa babu ko reshe ɗaya da ya ci riba.

Ta biyu ita ce “galibi” ko “akasari”, wadda a jarrabawar take nufin fiye da rabi. Wannan kalma tana da wata fa'ida da “wasu” ba ta da ita. Alal misali, a ce a wata kasuwa mai rumfa 100, galibin masu rumfa suna ba da bashi, kuma galibinsu suna rubuta cinikinsu a littafi. Mafi ƙarancin kowane rukuni shi ne 51. In aka haɗa 51 da 51 an sami 102, rumfunan kuwa 100 ne, saboda haka tilas a sami wanda yake cikin rukunan biyu, yana ba da bashi yana kuma rubutawa. Wannan istinbaɗi ne tabbatacce. Amma da an ce galibi suna ba da bashi, wasu kuma suna rubutawa, to babu abin da za a tsamo, domin masu rubutun suna iya kasancewa duk cikin 49 ɗin da ba su ba da bashi.

Ta uku, wadda ta fi su duka santsi, ita ce “sai”. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da wannan karin magana ya tabbatar shi ne, duk inda aka ga ƙadangare a cikin bango, to akwai tsaga, kuma bangon da bai tsage ba babu ƙadangare a cikinsa. Bai ce duk bangon da ya tsage ƙadangare ya shiga ba. Tsagar sharaɗi ce, rashinta yana hana shiga, samuwarta kuma ba ta tilasta shiga. Haka nan in banki ya ce ba ya ba da rance sai da jingina, abin da aka sani shi ne duk wanda ya sami rance ya kawo jingina. Wanda ya ɗauko takardun gidansa yana ganin an riga an yi masa alkawarin kuɗi, ya karanta “in” a inda aka rubuta “sai”. Bambancin da ke tsakanin “in ka kawo za a ba ka” da “sai ka kawo za a ba ka” bai wuce kalma guda ba, amma a kansa ake cin tambaya ko a faɗi, a kansa kuma ake cin shari'a ko a rasa.

Kaso da Adadi

Wani tarko da ke yawan fitowa shi ne rikita kaso da adadi. A ce wani mai sayar da taki shi ke da kashi 40 cikin ɗari na cinikin garinsu bara, bana kuma kasonsa ya koma kashi 30. Zuciya za ta yi saurin cewa cinikinsa ya ragu. To a ɗauka bara buhu 1,000 aka sayar a garin baki ɗaya, bana kuma 2,000. Bara ya sayar da buhu 400, bana 600. Kasonsa ya ragu, cinikinsa ya ƙaru. Abin da kawai raguwar kason ta lizimta shi ne, sauran masu taki a haɗe sun ƙaru daga kashi 60 zuwa 70. Muddin ba a faɗi jimillar cinikin ba, babu mai ikon cewa uffan game da yawan buhunan da ya sayar. Wannan tarko ba a jarrabawa kaɗai yake ba, ana cin karo da shi a rahoton kamfanoni da na gwamnatoci da kanun jaridu.

Me Ya Sa Masu Hankali Ke Faɗawa?

Masana harshe sun daɗe da bayyana dalili. Masanin falsafar nan na Ingila, Paul Grice, a laccocin da ya gabatar a Harvard a 1967, waɗanda aka buga wani sashensu a 1975, ya nuna cewa hira tana tafiya ne bisa wata yarjejeniya da ba a furtawa. Mai sauraro yana ɗauka cewa mai magana ya faɗi iyakar abin da ya sani wanda ya dace da batun. Saboda haka in ya ce “wasu”, sai a fahimci da “duka” ne da ya faɗa. Wannan ma'ana ta biyu ba a cikin kalmar take ba, daga kyakkyawan zaton da ake yi wa mai magana ta fito. Shi ya sa ana iya soke ta ba tare da an yi tufka da warwara ba, kamar a ce, “Wasu sun tafi, kai, duka ma sun tafi.” Abin da magana ta lizimta kuwa ba ya sokuwa. Ba a cewa, “Duka sun tafi, amma akwai wanda bai tafi ba.”

Al'ummar da ke da habaici da zambo da gugar zana da kunya, inda suruka ba ta kiran sunan surukinta, inda ake nuna rashin yarda da cewa “to, a duba”, ta horar da 'ya'yanta su riƙa jin abin da ba a faɗa ba. Wannan baiwa ce, kuma kowane harshe yana da irin tasa. Tambayar istinbaɗi tana neman a ajiye wannan baiwa a bakin ƙofa na ɗan lokaci, a saurari kalmomi tsurarsu.

Kada kuma a ɗauka raunin na wata ƙabila ne. A 1966 masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason ya fito da wani gwaji a Ingila, inda ake ajiye kati huɗu, a faɗi wata ƙa'ida mai siffar “in kaza, to kaza”, a ce mutum ya nuna katunan da tilas a juya domin a gane ko an karya ƙa'idar. Wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke cin wannan gwaji, alhali galibin waɗanda aka gwada ɗaliban jami'a ne masu Turanci a matsayin harshen uwa. A 1982 Griggs da Cox suka sake gwajin a Amurka, suka sauya haruffa da lambobin da ke kan katunan da wata doka da ɗaliban suka saba da ita, ta shekarun da ake yarda mutum ya sha giya, sai galibinsu suka ci. Tsarin hujjar bai canza ba, tufafinta ne aka sauya. Darasin da ke nan shi ne, mutum ya fi gane siffar hujja in ta zo masa cikin kayan gida, kuma daga nan ne ya kamata koyarwa ta fara.

Sukar da Ake Yi

Akwai masu ganin cewa duk wannan ɓata lokaci ne. Hujjarsu ta farko ita ce, kasuwanci da zato ake yin sa. Ɗan kasuwar da ya sayi gero a Dawanau da kaka ya ajiye, bai da tabbacin farashi zai hau da bazara, alamu ya duba ya yi ƙuru. Da zai jira sai abin da tilas ya zama gaskiya, da bai taɓa sayen ko tiya ɗaya ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita kanta jarrabawar ta yarda da ita, shi ya sa take da tambayoyin ƙarfafa hujja da raunana ta, waɗanda duk a kan rinjaye suke. Sai dai ɗan kasuwar da ya daɗe bai karye ba shi ne wanda ya san iyakar da ke tsakanin abin da ya tabbata da abin da yake zato. Ya tabbata buhu nawa ke cikin sito da nawa ya biya, yana zaton farashin gaba, saboda haka ba ya zuba duk jarinsa a wuri guda. Wanda ya mayar da zatonsa tabbaci shi ne ke cin bashi a kan ribar da ba ta zo ba. Tambayar istinbaɗi ba ta hana zato, tana neman mutum ya san lokacin da yake yin sa.

Hujja ta biyu ita ce ta rashin adalci. Jarrabawar da Turanci ake yin ta, cikin ƙurarren lokaci, da misalan da suka fi kusa da rayuwar Amurka, ga kuma kuɗin rajista da dala. Ɗalibin da Turanci harshensa na biyu ne ko na uku yana ɗauke da kaya biyu a inda wani ke ɗauke da ɗaya. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma babu amfanin musanta ta. Amma abin da ta nuna shi ne a raba kayan biyu, a sauke ɗaya tun a gida. Ɗalibin da ya riga ya ƙware a bambancin “in” da “sai” cikin Hausa, abin da ya rage masa shi ne ya koyi kalmomin da Turanci ke amfani da su a wuraren nan, wannan kuwa aikin 'yan makonni ne. Wanda bai ƙware ba, ko da ya haddace ƙamus, zai ci gaba da juya magana gaba ta koma baya a kowane harshe.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa dabara ta wadatar: a guje wa duk amsar da ke da “duka” ko “kullum” ko “sam”, a zaɓi mai laushi. Lalle sau da yawa amsa mai laushi ce ke ci, domin ƙaramar da'awa ta fi sauƙin tabbata. Amma in bayanin da ke sama da “duk” ya zo, amsa mai ƙarfi tana iya zama ita ce daidai, kuma masu tsara jarrabawar sun san dabarun da ake sayarwa a kasuwa. Amsar D a misalin da ya gabata mai laushi ce, da “wasu” ta fara, ta kuma faɗi. Dabarar da ba ta da fahimta a ƙarƙashinta tana aiki ne a tambayoyi masu sauƙi, tsarin kwamfutar kuwa yana ƙara wuya ne daidai lokacin da ɗalibi ya fara ci.

Aikin da Ke Gaban Sashen Hausa

Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ilmin manɗiƙi, wanda Aristotle ya tsara a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya iso Afirka ta Yamma ta hanyar littattafan Larabci. Shehu Muhammadu al-Magili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, ya kuma kare halaccin karanta shi a muhawararsa da Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda ke ƙyamar fannin. Littafin Sullam na Abdurrahman al-Ahdari, wanda aka rubuta a ƙarni na 16, ya daɗe ana karanta shi a zaurukan malamai. Kalmomi irin su muƙaddima da natija da sharaɗi da lizimci duk suna nan a bakin almajiran ilmi. Abin takaici shi ne, wannan gado ya tsaya a zaure, ɗalibin boko kuma yana haɗuwa da batun ne karo na farko a littafin shirin jarrabawar wata ƙasa, sai ya ɗauka wayon Turawa ne.

Abin da ya dace shi ne, kwasa-kwasan ilmin ma'ana da na fassara su ware 'yan makonni domin wannan batu, a koyar da shi da Hausa, da karin magana da takardun yarjejeniya da kanun labarai a matsayin abin gwaji. Mai fassara ya fi kowa bukata, domin in ya sa “in” a inda ya kamata ya sa “sai in”, ya ɗora wa wani alkawarin da bai yi ba, ko a takardar rance ce, ko a sanarwar asibiti, ko a hukuncin kotu. Ya dace kuma malamai su daidaita kalmomin fannu, su haɗa na zaure da na zamani, domin kada kowane marubuci ya riƙa ƙirƙiro nasa. Ƙungiyar ɗalibai ita ma tana iya tsara irin waɗannan tambayoyi da Hausa ta riƙa gwada membobinta da su, kamar yadda ake gasar muhawara da ta kacici-kacici. Amfanin bai tsaya ga 'yan ƙalilan da za su nemi makarantun kasuwanci na waje ba. Ɗalibin da ya nazarci waƙoƙi goma na wani mawaƙi, ya rubuta a kundinsa cewa mawaƙan Hausa ba su yin kaza, shi ma ya tsallaka daga “wasu” zuwa “duka” ba tare da gada ba.

Kammalawa

An ga cewa tambayar istinbaɗi tana auna abu guda ne, watau iya tsayawa a inda magana ta tsaya. An kuma ga cewa tarkunanta sanannu ne: mayar da haɗuwa sanadi, juya sharaɗi, jin “ba duka ba” a cikin “wasu”, rikita kaso da adadi, da shigo da abin da aka sani daga waje. Maganinsu shi ne a gwada ƙaryata kowace amsa a ga ko bayanin zai rushe. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma wannan jarrabawa ta ɗauki maganar a kan lafazinta, domin amsa tana iya zama gaskiya a kasuwa, kowa ya san haka ne, a ƙi karɓarta saboda bayanin da aka bayar bai tabbatar da ita ba. Ɗalibin da ya saba da wannan horo tun yana aji biyu a jami'a, cikin harshensa, ba zai jira sai ya biya kuɗin rajista da dala ba kafin ya koyi bambancin abin da aka gaya masa da abin da shi ya ƙara.